Wuta da ruwa a ɗakunan kwanan ɗalibai: me ya sa wayar da kai kaɗai ba ta rage ɓarna?

Duk lokacin da hukumar wata jami'a ta hana amfani da hita da butar lantarki a ɗakunan kwana, ko ta ce za ta sa mita a kowane gini, sai gardama ta tashi. Ɗalibai su ce an takura musu ne don a ɓoye gazawar hukuma wajen gyara, hukuma kuma ta ce ɗalibai ba su san darajar wuta da ruwa ba. Abin da ke ɗaure kai shi ne, ɗaliban jami'a na cikin mutanen da suka fi kowa jin labarin sauyin yanayi. Sun karanta shi a aji, wasu ma a kansa suke rubuta kundin kammala digiri. Amma idan aka shiga ɗakunan kwanansu tsakar rana sai a tarar da fanka na juyawa a ɗakin da ba kowa, famfo na ɗiga, tankin masai na kwarara ba tsayawa. Ke nan matsalar ba ta rashin sani ba ce kawai.

Abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa

Sanin halin da muhalli ke ciki daban, damuwa da shi daban, abin da mutum ke aikatawa kuma daban. Takardun tambayoyi da ake raba wa ɗalibai na farkon biyu suke aunawa, na ukun kuwa mita ce kawai ke iya faɗinsa. Masu nazarin halayyar ɗan'adam sun daɗe da lura cewa akwai tazara tsakanin abin da mutum ya yarda da shi game da muhalli da abin da hannunsa ke yi, kuma ƙarin bayani shi kaɗai bai cika cike wannan tazara ba.

Akwai kuma ma'auni biyu na lantarki da ya kamata a bambance. Wat shi ne ƙarfin da na'ura ke ja a lokacin da take aiki, kuma yawanci a rubuce yake a jikinta. Kilowat-awa kuwa shi ne jimillar wutar da aka sha, shi ne mita ke ƙirgawa. Na'ura mai wat 1,000 idan ta yi awa ɗaya tana aiki ta sha kilowat-awa ɗaya. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka wat da awannin aiki, a raba da 1,000. Wanda ya riƙe wannan zai iya gane da kansa inda wutar ɗakinsa ke tafiya.

Abin da ya sa ɗakin kwana ya bambanta da gida

A gida, wanda ya sha wuta shi ke ganin takardar kuɗi a ƙarshen wata, ko ya ga mitarsa na raguwa. A yawancin ɗakunan kwanan jami'a kuwa kuɗin wuta da ruwa a dunƙule yake cikin kuɗin ɗaki da ake biya sau ɗaya a zango ko a shekara. Wanda ya kwana da na'urar sanyaya ɗaki a kunne da wanda bai mallaki komai ba sai fitilar karatu, kuɗi ɗaya suke biya. Mai amfani daban, mai biya daban, mai sayen kayan ginin da gyara su kuma wani sashe ne na daban.

Sai batun tarayya. Banɗaki, ɗakin girki, baranda da ɗakin karatu na kowa ne, don haka ba wanda ke jin cewa kashe fitilarsu ko kai rahoton famfonsu aikinsa ne. Kowa na zaton wani ya riga ya faɗa. A shekarar 1968 masanin halittu Garrett Hardin ya yi bayanin yadda dukiyar tarayya ke lalacewa idan kowa na cin moriyarta shi kaɗai amma asarar ta watsu a kan kowa. Daga baya Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta nuna cewa ba dole ne a ƙare a haka ba. Al'ummomi da yawa sun riƙe dukiyar tarayya shekara da shekaru idan aka san iyakar masu amfani da ita, aka sa su cikin tsara ƙa'ida, aka samu mai sa ido, kuma hukunci ya fara daga mai sauƙi kafin mai tsanani. Wannan ya dace da ɗakin kwanan ɗalibai ƙwarai.

Akwai wani dalili da ba a cika kula da shi ba, wato mazauna ba sa daɗewa. Duk shekara wasu na fita, sababbi na shigowa, saboda haka duk wata ɗabi'a da aka gina a bara sai an sake ginata daga tushe a bana.

Inda wutar ke tafiya a zahiri

A nan ne yawancin saƙonnin wayar da kai ke barin jaki suna dukan taiki. An fi jaddada cire caja daga soket da kashe fitila, domin su ne ido ke gani. Amma cajar waya ta zamani da aka bari a soket ba waya a jikinta ba ta cika jan abin da ya wuce rabin wat ba. Ko da ta shekara a haka, wato awa 8,760, ba za ta sha fiye da kilowat-awa 4.4 ba. Hitar dafa ruwa mai wat 1,500 na shan wannan adadin cikin awa uku.

Ƙa'idar ita ce, duk abin da ke samar da zafi ko sanyi shi ne mai cin wuta. Butar lantarki kan ja wat 1,500 zuwa 2,200, dutsen guga wat 1,000 ko fiye, murhun lantarki mai kai ɗaya wat 1,000 zuwa 1,500. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa ba ta cika wuce wat 65 ba. Fankar sama mai wat 70 idan ta kwana awa takwas ta sha kilowat-awa 0.56, amma ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki mai wat 900 na iya kaiwa kilowat-awa bakwai a wannan lokacin idan injinta bai samu hutu ba, kuma ba zai huta ba muddin taga ko ƙofa na buɗe. A ƙasashe masu sanyi kuma ɗumama ɗaki ne ke ɗaukar kaso mafi girma, kuma babbar ɓarnar ita ce a buɗe taga alhali na'urar ɗumama na aiki, sau da yawa saboda ɗalibi ba shi da hanyar rage zafin daga ɗakinsa.

Ruwan zafi ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan wuta da ruwa ke haɗuwa. Ɗaga zafin lita ɗaya na ruwa da digiri ɗaya a ma'aunin Selshiyas na cin kusan wat-awa 1.16 (wat-awa 1,000 ne ke yin kilowat-awa ɗaya). Kan shawa mai zubar da lita 9.5 a minti ɗaya zai zubar da lita 95 a wankan minti goma. Idan aka ɗumama wannan ruwan daga digiri 15 zuwa 40, an sha kusan kilowat-awa 2.8. Ƙwan fitila na LED mai wat 9 sai ya yi kusan kwana 13 a kunne dare da rana kafin ya kai haka. Wanda ya yi wanka da bokiti mai lita 20 a wannan zafin kuwa bai kai kilowat-awa 0.6 ba. Ke nan rage minti uku a shawa ya fi kashe fitilar ɗaki na kwanaki amfani.

Ba ana nufin fitila ba ta da muhimmanci ba. Muhimmancinta yana wajen irin ƙwan da aka sa, kuma wannan shawarar hukuma ce. Tsohon ƙwai mai wat 60 da LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. A gini mai ƙwai 200 da ke aiki awa shida a rana, canza su kaɗai na rage kilowat-awa 61 kullum ba tare da an roƙi kowa ya canza hali ba.

Wutar da ake sha kuma ba iri ɗaya ce ga muhalli ba. Inda ginin ke komawa kan janareta, kowace lita ɗaya ta dizal da aka ƙona na fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, ban da hayaƙi da ƙara da ke damun mazauna kusa.

Ruwa: ɗigo da kwarara

A fannin ruwa, yoyo ya fi sakacin mutane ɓarna a gine-gine da yawa, kuma ba ya barci. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗigo sau ɗaya a kowace daƙiƙa na zubar da sama da lita 11,000 a shekara, masai mai kwarara kuma na iya zubar da kusan lita 750 a rana ɗaya. Wannan ya kusa ruwan wankan mutum takwas na minti goma-goma. Abin da ke jawo shi ƙanƙani ne: robar da ke toshe ƙasan tankin masai ta tsufa ta daina zama daidai, ko ƙwallon da ke yawo a saman ruwan tankin, mai tsayar da ruwa idan ya cika, ya maƙale, ko robar cikin kan famfo ta cinye.

Inda ruwa ke zuwa yana ɗaukewa akwai wata ɓarna ta musamman. Ɗalibi ya buɗe famfo ya tarar ba ruwa, sai ya tafi ya bar shi a buɗe. Idan ruwan ya dawo cikin dare sai ya yi ta zuba har gari ya waye. Haka tankin sama da ba shi da abin da ke kashe injin turo ruwa idan ya cika, sai an ga ruwa na malala daga rufi kafin a tuna da shi, an yi asarar ruwa an yi asarar wutar da ta turo shi.

Gano waɗannan ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. A karanta mitar ruwan ginin da ƙarfe biyu na dare, a sake karantawa da ƙarfe huɗu. Idan ta yi tafiya mai yawa a lokacin da kusan kowa ke barci, akwai yoyo. A ɗiga ruwan kala a tankin masai a jira minti goma zuwa sha biyar ba tare da an kora ba. Idan kalar ta bayyana a cikin kwanon masai, robar ta mutu. A tara bokiti mai lita goma a ƙarƙashin shawa. Idan ya cika cikin ƙasa da minti ɗaya, kan shawar na zubar da fiye da kima, kuma akwai masu zubar da lita 7.6 ko ƙasa da haka da za a iya maye gurbinsa da su.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A shekarar 2005 Kwalejin Oberlin da ke jihar Ohio a Amurka ta shirya gasar mako biyu tsakanin ɗakunan kwananta, don a ga wanda zai fi rage amfani da wuta da ruwa. Amfani da lantarki ya ragu da kashi 32 cikin 100. Gine-ginen da mazaunansu ke ganin abin da suke sha nan take a intanet sun rage kashi 55, waɗanda ake karanta musu mita sau ɗaya a mako kuma kashi 31. Ruwa kuwa kashi 3 kacal ya ragu. Gani ya kori ji, amma sai a lura cewa gasa ce ta mako biyu mai kyauta a ƙarshe, kuma abin da mutum zai jure na kwana 14 ba lallai ya jure shi shekara guda ba.

A Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles an gwada wani abu daban. An ba wasu ɗalibai bayanin wutar da ɗakinsu ke sha a asirce, wasu kuma aka haɗa musu da allo a bainar jama'a mai nuna ɗakunan da suka fi tsimi. Bayanin sirri shi kaɗai bai yi wani tasiri ba, amma da aka haɗa shi da na bainar jama'a, amfani da lantarki ya ragu da kusan kashi 20, ta hanyar rage amfani da na'urar ɗumamawa da sanyayawa. A Jami'ar Illinois kuma an riƙa aika wa mazauna wani ɗakin kwana rahoto mai kwatanta su da maƙwabtansu, irin wanda ke aiki a gidajen da ake biyan kuɗin wuta, amma kusan ba abin da ya canza, kuma masu binciken sun danganta hakan da cewa ɗaliban ba su ne ke biya ba.

Sai dai rashin biya ba ya nufin ba abin da zai yi aiki. A wasu otal-otal na ƙasar Suwizalan an maƙala ƙaramar na'ura a jikin shawa mai nuna litar da ake zubarwa yayin da mutum ke wanka, kuma baƙi, waɗanda ba su ne ke biyan kuɗin ruwan zafi ba, sun rage makamashin wanka da kusan kashi 11. Idan aka haɗa waɗannan sakamako, abin da ke fitowa shi ne bayani na aiki idan ya zo a daidai lokacin da mutum ke aikata abin, a kan abu guda takamaimai, ko kuma idan mutuncinsa a idon abokan zama ya shiga ciki. Rahoton da ke zuwa bayan mako guda a kan jimillar gini gaba ɗaya ba ya gaya wa kowa abin da zai canza.

Kwatanta mutane da juna ma na da tarko. Wani gwaji a garin San Marcos na Kalifoniya ya nuna cewa gidajen da aka gaya musu suna shan wuta ƙasa da maƙwabtansu sai suka ƙara, har sai da aka haɗa da alamar yabo kafin suka tsaya a inda suke.

Matsayai uku, da inda kowanne ke da rauni

Masu goyon bayan wayar da kai na cewa jami'a wurin tarbiyya ce, kuma ɗabi'ar da matashi ya ɗauka a lokacin da ya fara zaman kansa za ta bi shi gidansa da wurin aikinsa. Suna da hujja, kuma wannan tunani ne ya sa shugabannin jami'o'i suka sa hannu a kan sanarwar Talloires a Faransa a 1990, inda suka ɗauki alƙawarin koyar da kula da muhalli da aikata shi a harabarsu. Rauninsu shi ne fosta da lacca ba sa gyara famfo, kuma ɗalibin da ya kai rahoton yoyo sau uku ba a zo ba zai ɗauki saƙon a matsayin magana kawai.

Masu goyon bayan mita da biya gwargwadon amfani na cewa adalci ke nan, kuma aljihu ya fi fosta saurin koyarwa. Matsalar ita ce ɗaki ɗaya kan ɗauki mutum biyu, huɗu ko fiye, don haka mita na iya zama sanadin rigima tsakanin abokan zama. Ɗakin da ke saman bene ko mai fuskantar rana ya fi zafi ba da laifin mazaunansa ba. Ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi kuma shi zai fara haƙura da fanka ko fitilar karatu, mai hali ya ci gaba da yadda ya saba. Hanyar da ke rage wannan ita ce a ware wa kowane ɗaki adadin da ya isa buƙatun yau da kullum cikin kuɗin ɗaki, a caji abin da ya haura kawai.

Masu cewa a gyara ginin a bar ɗalibai su sarara su ne lissafi ya fi mara wa baya: LED, fitilun baranda masu kashe kansu, famfo mai rufe kansa, rufi mai hana zafi shiga, na'urar dafa ruwa da hasken rana. Amma waɗannan na son kuɗi tun farko da kulawa daga baya. Famfo mai rufe kansa idan ya maƙale ya fi na da ɓarna. Akwai kuma abin da masanin tattalin arziki William Stanley Jevons ya lura da shi tun 1865 a kan gawayin kwal, cewa idan abu ya yi arha wajen amfani mutane kan ƙara amfani da shi; wanda ya san fitilarsa ba ta cin wuta sai ya daina kashe ta.

Dokar hana kayan girki da hita

Wannan doka ta fi shafar tsaro fiye da tsimi, ko da yake akan gabatar da ita da sunan muhalli. Soket mai amfiya 13 (ma'aunin yawan wutar da ke ratsa waya) a kan layin bolt 230 (ma'aunin ƙarfin turo ta) ba ya ɗaukar fiye da wat 3,000. Butar lantarki mai wat 2,000 da dutsen guga mai wat 1,200 a kan jona ɗaya sun riga sun wuce iyaka, kuma jonar da aka yi da siririyar waya za ta yi zafi tun kafin a kai nan. Idan fiyus ya yawaita yankewa wani ya ɗaure shi da waya mai kauri, an cire kariyar da ke hana gobara ke nan.

Amma hani ba tare da madadi ba yana tura abin ɓoye ne. Ɗalibi zai ci gaba da dafa ruwa, sai dai a ƙarƙashin gado ko cikin kabad, kusa da katifa da tufafi, inda haɗarin ya ninka. Inda dokar ke aiki shi ne inda aka tanadi ɗakin girki na tarayya mai wayoyin da suka dace da nauyin, da wurin guga, da ruwan zafi a lokutan da aka sani. A nan ma akwai iyaka ga tsimi: ruwan zafin da ake tarawa a tanki ana so ya kai digiri 60, domin ƙasa da haka ƙwayar cutar lejiyonela mai kawo ciwon huhu na iya hayayyafa a ciki. Rage zafin tanki don a rage kuɗin wuta kuskure ne mai haɗari.

Shara da ƙarshen zango

Shara ta fi taruwa a makon da ake barin ɗakuna, lokacin da katifu, bokitai, tufafi, littattafai da ƙananan na'urori masu sauran amfani ke ƙarewa a bola saboda ba hanyar ɗaukarsu. Wurin karɓar irin waɗannan kaya a wannan makon, a ajiye wa sababbin ɗalibai, na rage sharar da kuma kashe kuɗin masu shigowa. Batura da tsofaffin caja da wayoyi kuwa ba a haɗa su da sauran shara, musamman baturan litiyam da ke iya kamawa da wuta idan aka matse su. A duniya an samar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma kashi 22 cikin 100 ne kawai aka tattara aka sarrafa ta hanyar da aka tabbatar. Rarraba shara a kwanduna daban-daban kuma ba ya da amfani idan motar kwasa za ta juye su wuri ɗaya, kuma ɗalibai na saurin gane hakan su daina.

Abin da zai shafi ɗalibi da iyayensa

Kuɗin da ba a gani a wata-wata ba ya ɓacewa. Yakan dawo a matsayin ƙarin kuɗin ɗaki a shekara mai zuwa, ko a rage awannin janareta da na turo ruwa, ko a jinkirta gyara. Mazauna saman bene su ne ke fara rasa ruwa idan na ƙasa na yoyo, domin ƙarfin turawa ya ragu kafin ya kai gare su.

Don haka idan aka kawo sabuwar doka ko mita, akwai tambayoyin da wakilan ɗalibai za su iya yi waɗanda suka fi ƙin amincewa kai tsaye amfani. Shin an auna abin da ginin ke sha na aƙalla zango guda kafin a sa iyaka, don a san daga ina aka tashi? Za a riƙa kafe adadin a ƙofar kowane gini duk mako, a raba shi da yawan mazauna don kwatancen ya yi adalci? Kwana nawa za a ɗauka kafin a gyara famfon da aka kai rahotonsa, kuma wa za a tuntuɓa idan ba a zo ba? Wane kaso na kuɗin da aka rage zai koma kan ginin da ya rage shi? Akwai sassauci ga masu larura, kamar mai ajiye magani a firiji ko mai amfani da na'urar taimaka wa numfashi? Hukumar da ta shirya amsar waɗannan tana da damar neman ɗalibai su rage mintocin shawa, su rufe taga idan na'urar sanyi na aiki, su dafa ruwan da suke buƙata kawai, su kuma rufe famfo ko da babu ruwa a cikinsa.